Hatimin Mai Benci

Akwai wani ɗan majalisar dokokin jiha da ake kira Mai Benci. Shekara ashirin da huɗu ya yi a kan kujera, zaɓe shida a jere, har jariran da aka haifa shekarar da ya fara suka girma suka jefa masa ƙuri'a. Mutum ne mai fara'a, ba ɓarawo ba, ba kuma mugu ba. Aibinsa ɗaya ne: daɗi ya yi masa yawa, har ya koya masa lalaci.

Sunan ya samo asali ne daga wani dogon benci na katako da ke ƙofar ofishinsa na mazaɓa. A shekarun farko, nan yake zama kowace Asabar da safe, hula a gwiwa, ɗan littafi a hannu. Mai kukan ruwan sha, mai kukan asibiti, mai neman a gyara rufin aji, kowa sai ya zauna kafaɗa da kafaɗa da shi ya faɗi nasa. Wanda bai samu zuwa ba ya aiko wasiƙa, shi kuma ya amsa da hannunsa. Mutane na adana amsoshin a ƙasan akwati kamar takardar gida.

A zango na huɗu aka ba shi shugabancin kwamitin ayyuka, da ofis mai sanyi a hawa na uku. Nan da nan benci ya fara yi masa tauri. Sai sakatarensa, wani siririn mutum da ba ya ƙaunar gumi, ya kawo shawara a sassaƙa hatimi mai ɗauke da sa hannun maigida, a buga amsa ɗaya da za ta yi wa kowa daidai: "An karɓi ƙorafinku. Ana nan ana dubawa."

Mai Benci ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wannan dabara ta fi doka goma. Daga ranar ko buɗe ambulan aka daina yi. Sakatare ya duba adireshin da ke baya, ya danna hatimi a kan amsa, ya jefa wasiƙar cikin kwali a ƙarƙashin matakala. Shi kuwa maigida yana zauren majalisa yana cika baki, wai duk jihar babu wanda zai rubuto masa ya kwana uku bai ga amsa ba. Kuma a nan bai yi ƙarya ba.

Yana da wata yaya wadda ta goya shi. Kwalbatin layinsu ya rufta, duk damina ruwa sai ya shiga gidaje sama da goma. Ba ta yarda ta roƙe shi a gida ba, ta ce kwalbati na unguwa ne, ba na gidansu ba, don haka ta ofis zai bi. Duk shekara tana rubutawa, har sau bakwai. Wata rana da ya je gaishe ta, ta tambaye shi a hankali.

"Auta, wa ke karanta maka wasiƙu yanzu?"

"Haba Yaya, ko tururuwa ce ta rubuto mini sai ta ga amsa."

Ta dube shi, ta ce to madalla, ta ci gaba da linke kayanta.

Asirin ya tonu ne a shagon mai aski. Mai Benci ya yi jinyar gwiwa, mai askin da ya shekara talatin yana yi masa gyaran fuska ya rubuta masa wasiƙar barka da samun sauƙi. Kwana uku sai ga amsa, an karɓi ƙorafinsa. Mai aski ya manna ta a jikin madubi. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya karanta, ya ce ai shi ma yana da irinta a gida. Kafin wata biyu kowa a mazaɓar ya san zancen, ban da mai hatimin.

Zaɓe na bakwai ya zo. Abokiyar karawarsa wata shugabar makaranta ce mai ritaya, kowa na ce mata Malama, ko mota ba ta da ita. Mai Benci ya ce wannan ai ko da ƙafa ɗaya zai tsere mata. Aka tara su muhawara a ɗakin taron makaranta. Ya karɓi lasifika, ya gyara murya, ya sake kawo zancen kwana ukun nan nasa.

Mai aski ya miƙe, ya roƙi duk mai riƙe da amsar mai girma ɗan majalisa ya ɗaga ta sama. Ɗakin ya yi fari fat da takarda. A layin gaba Yaya na zaune, da guda bakwai a hannunta.

"Ranka ya daɗe," in ji mai aski, "ni barka na yi maka da gwiwa. Har yanzu ana dubawa ne?"

Dariyar da aka yi har masu wucewa a titi sai da suka leƙo. Ranar zaɓe ko a akwatin layin Yaya Mai Benci bai yi na ɗaya ba, Malama ce ta ci kujerar.

Da zai bar ofis, kwalayen nan kawai ya ɗauka, da bencinsa da hatimin. Wata uku yana zaune a ƙofar gida yana buɗe wasiƙu ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan na Yaya, ya tafi ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Ta ce kujera ce ta tafi, shi yana nan da hannunsa, ya ɗauko biro. Nan a gabanta ya rubuta wa Malama zancen kwalbati.

Kwana uku sai ga amsa da rubutun hannu: "An karɓi ƙorafinka, Mai Benci. Ana nan ana dubawa. Ka fito ranar Litinin ka ga masu dubawar." Ranar Litinin ɗin kuwa motar siminti ta shigo layin.

Yanzu kowace Asabar yana kan benci, yana rubuta wa waɗanda ba su iya ba, yana kai wasiƙun da ƙafarsa. In aka tsokane shi da faɗuwa zaɓe, sai ya ce ƙarin girma aka yi masa. Hatimin ma bai rasa aiki ba: ƙafar bencin ɗaya ta gajarce, shi aka saka a ƙasa ya tokare ta.

Darasin shi ne, amsa ba ita ce sauraro ba. Wanda mutane suka ɗora a kan kujera, kunnensa suka zaɓa, kuma kunne ba a ba da aronsa. Duk wanda ya daɗe a wuri har ya ga aikin da ya kai shi can ya yi masa ƙanƙanta, to ya sani ya fara haɗa kayansa da kansa.