Ranau da Bindiga Mai Karkatacciyar Ƙota

Tun zamanin da ƙasar nan take kurmi, lokacin da giwa da ɓauna suka fi mutane yawa a bakin rafi, an yi wani maharbi da ake kira Ranau. Mutumin arewa ne, dogo, marar yawan magana. Fari ne ya kore su daga garinsu, shi da yayarsa Hakama da waɗansu gidaje kaɗan, suka yi ta gangarowa kudu har suka iske wata fadama mai ruwa rani da damina. Nan suka kafa bukkoki, suka sare daji, suka shuka dawa da shinkafa. A cikinsu akwai wani tsohon maƙeri mai suna Bagudu, wanda ya ɗoro uwar maƙerarsa a kan jaki tun daga gida, ya bar tufafinsa a can.

Ranau ne garkuwar wannan 'yar tunga. Da baka yake harbi, an kuma ce kibiyarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba. Idan ya fito da kwari a kafaɗa, mata sukan bar daka su yi masa kirari: "Ranau na Hakama, inuwar manoma! Dogo mai takun damisa, ka shiga daji da safe, gari ya kwana da romo!"

To, ashe fadamar tana da mai ita. Wani tsohon ɓauna ne baƙi ƙirin, jagoran garke, wanda mutane suka laƙaba wa suna Gagarau. An ce ciyawa ta tsiro a tsakanin ƙahonninsa, kibiyoyin maharban da suka shuɗe kuwa suna nan cake a fatarsa kamar ƙaya, babu wadda ta kai ga nama. Duk shekara, da dawa ta fara nuna, sai ya jawo garkensa su tattake gonaki. Wata kaka Ranau ya tare shi a bakin gona, ya sakar masa kibiya mai dafi. Ta same shi a wuya, ta karye. Gagarau ya ɗauke shi da ƙaho, ya maka shi da ƙasa, ya wuce abinsa.

Ranau bai mutu ba. Hakama ta yi jinyarsa har ya tashi, amma kafaɗarsa ta dama ta ɗoru a karkace, ta zubo gaba, ta yi ƙasa da ta hagu. Ranar da ya ji ƙarfi ya ɗauki bakansa ya ja. Tsarkiya ta ƙi zuwa ko rabin hanya. Ya sake ja har zufa ta keto masa, sannan ya rataye bakan a bango, bai ƙara taɓa shi ba.

Magidanta suka taru a gindin tsamiya suka yanke shawara. Abin da suka tsira da shi a bana ba zai kai su damina ba sai da ganyen tafasa da 'ya'yan itace. Za su sake shuka sau ɗaya. In Gagarau ya tattake ta, su naɗe tabarminsu su ƙara gaba.

Ana cikin haka sai ayarin fatake ya sauka a fadamar, suna dawowa daga ƙasar goro. Madugunsu yana da wata tsohuwar bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ranau ya ga yadda ya kayar da gada da ita daga nesa. Ya roƙe shi aronta na yini, ya kai wa Bagudu a maƙera.

Ya ce, "Baba, duba wannan. Ba ta neman ƙarfin kafaɗa. Yatsa ɗaya ke tashinta."

Bagudu ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya kwance ta gaɓa-gaɓa, ya shimfiɗa a kan buzu. Ya daɗe yana kallo, kana ya ce, "Ɗana, ni fartanya da gatari na sani. Ban taɓa ƙera ƙarfe mai rami ba."

Ranau ya ce, "Ni ma ban taɓa zama mai hannu ɗaya ba sai bana. Mu koya tare."

Tsoho ya yi dariya har tari ya kama shi. Ya mayar da bindigar madugu yadda take. Ranau kuwa ya kwashi fatun damisar da ya tara, ya musanya su da albarushi da dalma kafin ayari ya tashi.

Ranin nan gaba ɗaya a maƙera suka yi shi. Suka haƙo tama daga gindin dutse suka narka, suka ƙona gawayin ƙirya mai yawa, don shi ne ke riƙe wuta. Bagudu ya buga ƙarfe ya zama doguwar falle, ya naɗe shi a jikin wani siririn sandan ƙarfe. Ranau yana zuga da hannun hagu, tsoho yana dukan haɗin da masaba, kaɗan-kaɗan, ɗan yatsa bayan ɗan yatsa, har bakin ya manne. In ƙarfe ya huce a zare sandan a mayar da shi wuta. Da bututun ya haɗu, suka goge cikinsa da sanda da yashi har haske ya riƙa wucewa sumul, suka toshe gindinsa, suka huda ƙaramar ƙofar da wuta za ta shiga.

Suka ɗaure shi a jikin kututture, suka cika shi da albarushi fiye da ƙima, suka ja igiya mai wuta, suka laɓe bayan suri. Ya tashi da ƙara, ya tsage kamar kara.

Bagudu ya tsinci ɓaraguzan, ya duba inda ya rabu, ya nuna wa Ranau. "Ka gani? Nan na yi gaggawa. Wutar ba ta kai ba na buga." Ya koma ya hura wuta.

Na biyun suka yi shi a natse. Ranau ya nemi a yi shi dogo, daga ƙasa har ƙirjinsa, don ya lura kibiya ma doguwa ta fi tafiya a miƙe. Wannan karon da hayaƙi ya washe suka tarar da bututun yana nan lafiya, da ɗuminsa. Bagudu ya ƙera kunamar bindiga da ɗan ƙarfe mai tsalle wanda ke tura ta, ya sa mata ƙanƙarar dutse a baki. Da ya ja ta ta ƙyasta, tartsatsi ya zubo, tsohon ya yi ta maimaitawa yana murna kamar ranar ya fara ƙira.

Saura ƙota. Wannan aikin Ranau ya ce nasa ne. Ya shiga kurmi ya zaɓi wata bishiyar madobiya da iska ta karya tun bara, ta bushe a tsaye. Ya yi mata sallama, ya faɗa mata abin da yake so da ita. Tsofaffi sun ce da ya sa gatari, ƙaro ja kamar jini ya fito daga busasshen icen, ya san ta amsa. Ya raba gungumen biyu, ya jawo su gida.

Ya sassaƙa rabi ɗaya da gizago, ya yi ƙota miƙaƙƙiya sak irin ta madugu. Hakama tana zaune a ƙofar ɗaki tana zanen ƙwarya, don sana'arta ke nan, tana kallonsa ta wutsiyar ido.

Ta ce, "Wannan ta mai miƙaƙƙiyar kafaɗa ce."

Ya ce, "Haka ake yin ta, Yaya."

Ta ci gaba da aikinta.

Ranar gwaji aka kafa tsohuwar ƙwarya a kan kututture, mutane suka taru. Ranau ya ɗora bindiga a kafaɗa, ta ƙi zama. Ya tauna leɓe, ya miƙe kafaɗar da ƙarfi don kada a ga karkatarta, ya ja kunama. Bindiga ta tashi, ƙota ta zame ta daki tsohon ciwon, ya faɗi zaune. Dalma ta tafi can ta sare reshen tsamiya. Ƙwarya ko motsi ba ta yi ba. Ba wanda ya yi dariya, aka watse shiru, wannan kuwa ya fi masa dariyar ciwo.

Washegari da hantsi Hakama ta shigo da curin yumɓu a hannu. Ta ce, "Tuɓe rigarka."

Tun da ya warke bai bari kowa ya ga kafaɗar ba. Ya kau da kai. Ta ce, "Ni na wanke ta lokacin da take zubar da jini. Wane abu ne a jikinta ban sani ba? Tuɓe, ƙanena. Gungume ɗaya ya rage mana, ga girgije ya fara haɗuwa."

Ya tuɓe. Ta sa shi ya tsaya yadda jikinsa ke so, ba yadda yake so a gan shi ba, ya sunkuyar da kumatu kamar mai auna nama. Ta manna yumɓun a kafaɗarsa da gefen fuskarsa, ta danna, ta cire a hankali. Siffar ta fito da kwarinta da tudunta. Ta shanya a inuwa.

A kan wannan yumɓu Ranau ya sassaƙa ƙota ta biyu. Ta fito a lanƙwashe, gindinta ya kauce gefe, da wani lungu inda ƙashin ya turo. Sai ya fafe kwarin da bututu zai kwanta. Yakan shafa wa ƙarfen baƙin tukunya, ya kwantar da shi a kan icen, ya ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne ice ya yi tudu, sai ya kankare da wuƙa, ya sake gwadawa. Ya yi ta yi har ƙarfe da ice suka haɗu ba inda gashi zai shiga. A kwanakin nan aka fara jin yana waƙa ƙasa-ƙasa in yana aiki, abin da aka daɗe ba a ji ba.

Hakama ta cire mundayenta na tagulla ta kai wa Bagudu, ya buga su suka zama zobba masu ɗaure bututu da ƙota. Sannan ta karɓi bindigar ta ɗora a cinya, ta sa wuƙarta a wuta, ta zana mata irin zanen ƙoren ɗakin amarya: zangarniyar dawa tun daga wuya har gindi, sawun ɓauna a gefe, da igiyar ruwan fadama. Ranau ya goge ta da ganye mai kaushi, ya yi ta shafa mata man kaɗe yana murzawa da tafin hannu, har icen ya yi ja yana ƙyalli kamar goro. Da ya ɗora ta a kafaɗa, ta zauna kamar da ita aka haife shi. Ya harbi ƙwaryar nan, ta tarwatse.

Damina ta yi kyau, dawa ta yi kai. Wata safiya da raɓa, mata suka ga balbelu sun tashi daga ƙarshen fadama, aka san Gagarau ya taso. Ranau ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya tura tsumma, ya sa dalma, ya danna da sandar ɗuri. Ya ɗauki gwafa, ya tafi shi kaɗai.

Ya tsaya a fili a bakin gona, bai nemi itacen hawa ba. Ya san harbi ɗaya gare shi, ba za a ba shi lokacin ɗuri na biyu ba. Ya kafa gwafa, ya ɗora dogon bakin bindiga a kanta. Gagarau ya fito daga ciyawa, garke na biye da shi. Ya tsaya, ya shaƙi iska, ya gane mutumin bara. Ya sunkuyar da kai ya taho, ƙasa na girgiza.

Ranau ya bar shi ya matso har ya ga tsoffin kibiyoyin suna rawa a wuyansa, har ya hango guntuwar tasa a cikinsu. Sannan ya ja kunama.

An ce ƙarar ta zagaya duwatsu ta dawo, tsuntsayen kurmi duk suka tashi. Hayaƙi ya rufe shi. Da ya washe, ga Ranau a tsaye, ga Gagarau a durƙushe gabansa, ƙahonsa ya kafe a ƙasa dab da gindin gwafa. Garken ya juya, ya ƙetare rafi, bai sake dawowa wannan gaɓar ba.

Ranau ya ɗora hannu a goshin ɓaunan ya ce, "Ka riƙe wurin nan da kyau, tsoho. Mu ma za mu riƙe." Aka raba naman gida-gida, kan kuwa ya hana a taɓa, ya binne shi a inda ya faɗi.

A wannan kaka rumbuna suka cika har aka gina sababbi. Ba wanda ya ƙara maganar tashi. Labari ya bazu, mutane suka yi ta zuwa suna neman wurin zama, tunga ta zama gari, aka kira shi Tungar Ranau. Maroƙa suka ƙara masa kirari: "Karkatacce mai miƙaƙƙen harbi! Tsawar rani, na Bagudu, na Hakama!" Shi kuwa bai cika farauta ba bayan haka. Ya fi son zama a rumfar maƙera da gizago a hannu, har ya tsufa yana sassaƙa ƙota, ana kawo masa fura, yana hira da masu jira.

Har gobe a garin nan ba a sassaƙa wa maharbi ƙota sai ya zo da kansa ya tuɓe riga an ɗauki siffar kafaɗarsa da yumɓu, kuma 'yar'uwarsa ce ke fara sa wuƙar zane. Bindigar Ranau tana nan a gidan Sarkin Maƙera, naɗe cikin fata. Duk shekara in dawa ta fara nuna sai a fito da ita a shafa mata mai, a miƙa wa duk baƙon da ke son gwadawa. Zai ɗora ta, ta zame. Ya gyara, ta sake zamewa. Sai ya sauke kafaɗarsa ta dama, ya turo ta gaba, ya ɗan karkata, sannan ta zauna daram. A nan ne tsofaffi kan yi murmushi su ce masa, "Yawwa, tsaya haka. Yau ka ga Ranau."