Kafintan Da Ya Yi Wa Amya Fenti

Akwai wani kafinta gwani, sai dai yana da son yabo. Ka ce masa aikinsa ya yi kyau, ko rigarsa ka roƙa zai tuɓe maka. Ka gyara masa kuskure kuwa, kun ɓata.

Da mahaifinsu ya rasu, yayarsa ta ci gaba da kula da ƙudan zuman da ya bari. Wata rana ta raba su, ta kawo masa rabonsa a tsohuwar amyar mahaifin, wani akwati baƙi mai ƙamshin kakin zuma.

"Ka haɗa sabbin amyoyi, amma kada fenti ya taɓa cikinsu," in ji ta. "Kaki za ka goga. Ba sa son wari."

Bai ji daɗin maganar ba. Sai ya kai ta wurin amininsa kuma maƙwabcinsa Gajere, wanda ya taɓa kiwon zuma.

"Haba, ita za ta koya maka katako?" in ji Gajere. "Shafe su ciki da waje, su yi ƙyalli. Tsohon akwatin nan kuma ba ni, kajina su samu wurin ƙwai."

Kafinta ya ji sanyi a ransa. Ya shafe amyoyin da fenti, ya juye ƙudan a ciki, ya miƙa wa Gajere akwatin ta kan katanga.

Washegari da hantsi yana sassaƙa ya ji wani ƙugi. Ya fito ya ga ƙudan sun tashi gaba ɗaya, sun haye katanga. Ya bi su da gudu. A bayan gidan Gajere ya tarar da akwatin mahaifinsa a kan benci, an goge shi da sabon kaki, ƙudan suna ta shiga. Ko kaza ɗaya babu a gidan.

"Ƙudan nan nawa ne, Gajere. Na babanmu ne."

"Da ƙafarsu suka zo, aboki. Ka nuna mini wanda aka rubuta sunanka a bayansa."

Kafinta ya koma gida zuciyarsa na ƙuna. Rashin ƙudan ya dame shi, amma abin da ya fi ci masa rai shi ne da hannunsa ya miƙa akwatin, har da godiya. Ya kasa haɗa ido da yayarsa.

Darasi a nan: wanda ya saba neman yabo, macuci ya riga ya san ƙofar da zai shigo masa. Idan ka fara sabuwar sana'a, ka saurari mai gyara maka ko da maganarsa ba ta yi maka daɗi ba, ka kuma yi hattara da wanda yake yabonka idonsa na kan abin hannunka.