Ɗacin Darbejiya

Dalilin da ya sa aswakin darbejiya yake da ɗaci, yara, wata tsohuwa ce ta jawo, sunanta Tasalla.

A da, reshen darbejiya ya fi rake zaƙi. Mutanen garinsu kan karyo shi da sunan aswaki, amma ba mai gogawa. Sai su tsotse, su haɗiye. Datti ya daskare a gindin haƙoransu, dasashi ya kumbura, suka saba da hakan.

Tasalla tana riƙon jikarta Kande, wadda uwarta ta rasu ba a yaye ta ba. Ba nono, don haka kakar ce ke tauna tuwo ta ba ta a baki. Da dasashin Tasalla ya fara jini, yarinyar ta ƙi abincin, ta soma ramewa.

Tasalla ta je gindin bishiyar ta kai ƙara. Darbejiya ta ce maganin yana cikin reshenta tun asali, sai dai yana son a goga shi ya daɗe a kan dasashi, su kuwa haɗiyewa suke yi. Tsohuwar ta yi alkawarin gogawa. Sau uku tana gwadawa, sau uku zaƙin yana rinjayarta.

"To sai in janye zaƙin," in ji bishiyar. "Ga kowa, kuma ba ya dawowa."

Tasalla ta sanar da ƙaninta Barau, mai unguwa. Ya ce, "Haba Yaya, gari guda a kan bakinki? Haƙora nawa ma suka rage miki?"

"Shida. Kande da su take ci."

Ta koma wurin bishiyar ta amince, ba ta ƙara shawartar kowa ba.

Washegari duk wanda ya sa reshe a baki ya tofar. Tasalla ta tauna bakin aswakinta har ya yi laushi, ta goga, ta tofar, safe da yamma. Dattin ya fita. A rana ta tara jinin ya tsaya. Kande ta rasu tun a rana ta shida.

Mutane kaɗan ne suka je gaisuwa. Bakunansu sun warke, amma har Tasalla ta mutu ba su yafe mata ba.

Shi ya sa har yau darbejiya take da ɗaci, masu haɗa man goge baki da ita ma sai sun rufe ɗacin da na'a-na'a.