Kashin Maƙera a Kan Kabarin Sarki

An yi wani sarki a ƙasar duwatsu, a garin da ake kira Birnin Tama, sunansa Tanimu ɗan Nomau, wanda Allah ya hore wa mulki da wadata da kwarjini, amma ya jarrabe shi da ciwo guda, watau jin kunyar asalinsa. Kakanninsa maƙera ne, su suka haƙo tama a gindin dutse suka narka, suka ƙera fartanya kafin su ƙera mashi, har jama'a ta taru gari ya kafu. Amma tun ranar da wani sarki maƙwabci ya kira shi jikan masu zuga-zugi a gaban taro, maganar ta tsaya masa a rai, ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Ana nan sai ga wani baƙon malami mai zaƙin baki, irin waɗanda ke gane ciwon mai mulki tun daga zaure. Bai yi wata biyu yana cin tuwon fada ba sai ga shi da takarda, an ƙawata ta da jar tawada da baƙa, ɗauke da salsala mai suna goma sha tara, wadda ta kai nasabar sarki har gidan wani basarake na ƙasashen gabas, babu maƙeri ko ɗaya a hanya. Sarki ya sumbaci takarda, fadawa suka yi kabbara, har waɗanda ba su san alif ba suka rantse rubutun gaskiya ne.

To, al'adar garin ita ce, sunayen sarakuna goma sha biyu da suka gabata suna hannun mutum ɗaya, Sarkin Maƙera. Shi ke raɗa su a kunnen sabon sarki ranar naɗi, ba ya kuma koya wa magajinsa sai ya ji ajali ya matso. Mai riƙe da su a lokacin wani tsoho ne, Cindo, wanda ya haura tamanin. Aka kira shi aka ce ya shaida takarda a bainar jama'a. Ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ban san waɗannan bayin Allah ba. Na san waɗanda suka haife ka, kuma ba zan sake maka uba da bakina ba."

Sarki ya fusata, ya sa aka jefa shi kurkuku shi kaɗai, aka sa masa marin da shi Cindon da kansa ya ƙera wa fada. Sa'an nan ya juya ga wazirinsa, Malam Ukashatu, masanin shari'a wanda ya yi wa mahaifinsa hidima, ya ce, "Waziri, ga takarda ga bakin tsoho. Na ba ka kwana uku ka kawo mini hujjar da ido zai gani, ba daga bakin maƙeri ba. In takarda ce gaskiya, a kori tsohon nan a rushe maƙerarsa. In kuwa ka goyi bayansa ka kasa hujja, ku tafi tare."

Abin takaicin shi ne, Waziri ya san hujjar tun kafin sarki ya rufe baki. Amma ya dubi idon sarki ya ga ja, ya tuna rawaninsa da iyalinsa, sai ya ce a ransa gara a bari zuciya ta huce, ya kuma kira wannan tsoro nasa hikima, kamar yadda malaman fada suka saba. Da la'asar ya leƙa kurkuku, ya tarar da Cindo kwance a ƙasa, ɗakin kamar tanderu.

Tsoho ya ce, "Malam, jikina ya gaya mini magana. Don Allah a kawo mini ɗana Audi, in sauke masa kayan da ke kaina."

Waziri ya ce, "Baba, sarki ya hana kowa shigowa. Yi haƙuri, kwana uku kamar yau ne."

Cindo ya dube shi ya ce, "A wurinka, Malam."

Waziri ya koma gida da wannan kalma tana cin sa, amma bai koma fada ba, ran nan da kashegari.

A rana ta uku da hantsi ya roƙi sarki ya taka da ƙafarsa zuwa maƙabartar sarakuna da ke bayan fada, fadawa da baƙon malami na biye. Kaburbura goma sha biyu ne a jere, kuma a kan kowanne, wajen kai, akwai dunƙulen kashin maƙera, baƙin tarkacen nan da ke saura in an narka ƙarfe. Waziri ya tsaya a kan na ƙarshe ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wa ke kwance a nan?"

Sarki ya ce, "Mahaifina."

"Wa ya ɗora wannan a kansa?"

Sarki ya ce, "Ni, da hannuna. Ya yi mini wasiyya, ya ce haka ya yi wa nasa uban."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinka ya yi salla har goshinsa ya yi baƙi, ya gina masallacin Juma'a, bai kuwa ga cewa imaninsa ya ragu don ya kwanta a ƙarƙashin alamar kakanninsa ba; domin Ubangijin da ya saukar da addini shi ya ajiye tama a dutsen nan, ya kuma sanar da mutanenka yadda za su ci abinci da ita. Ga shaidu goma sha biyu, ba su da baki balle a saye su. Yanzu malam baƙo ya nuna mana kabari ɗaya daga cikin sha taransa, ko wanda ya taɓa yi wa ɗayansu addu'a a garin nan. Mutanen takarda ba su san ka ba, ba za su tsaya maka ba ranar tsayuwa. Waɗannan kuwa saboda kai suka ƙone hannuwansu."

Aka waiwaya neman baƙo, ashe ya sulale. Sarki ya durƙusa ya dafa dunƙulen, hawaye ya zubo masa, ya ce, "Na zalunci matattu, na zalunci mai rai. Maza a kwance Sarkin Maƙera, a kawo shi bisa girmamawa, ya faɗi sunayen a rubuta."

Dogari ya ruga, bai daɗe ba ya dawo yana tafe a hankali. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce tsoho ya cika tun da asuba, mai gadi ya ji shi yana ta kiran waɗansu sunaye yana maimaitawa, amma ya ɗauka zafin ciwo ne, bai riƙe ko ɗaya ba.

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ai an raɗa maka su ranar naɗinka."

Sarki ya ce, "An raɗa. Ni kuwa ina sauraron tambura."

Suka bi kaburbura suna ƙirgawa: Nomau, Jatau, Barmo, Gambo. Daga nan sarki ya kasa tuna na biyar, tsofaffin fada ma suka kasa, Audi da aka kira ya tsaya yana kuka, bai san ko ɗaya daga sauran ba. Takwas suka rage, ga alamarsu, babu mai kiran su har abada.

Duk da haka sarki ya cika alkawarin sarauta: ya ƙone takarda, ya naɗa Audi a gadon ubansa, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce babu mai hikima kamarsa a ƙasar. Waziri ya karɓa, don ba a mai da kyautar sarki, amma bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyinta ba. Da aka ɗauko gawar Cindo, ya shimfiɗa ta a kan makara, ya ce, "Allah ya taimaki sarki, mai hikima shi ne wanda ya faɗi gaskiya a rana ta fari. Ni na san ta tare da shi, na riƙe ta kwana uku don in tsira da rawanina, ga abin da kwana ukun suka ci."

Waziri ya rayu shekara tara bayan haka, kuma kowace Juma'a akan gan shi a maƙabarta, yana yi wa mutum takwas addu'a da "ya wane, ya wane." Ku masu riƙon al'amuran jama'a, ku sani adalci yana da lokaci kamar salla, amma shi ba a rama shi, domin wanda za a rama wa ba ya jira.