Mangesh da Mutumin da Ba Ya Jin Burga

A garin Panaji akwai wani matashi mai suna Mangesh Borkar, gwanin kartar poka. Ya saba wasa da ƙwararru masu taka-tsantsan, waɗanda in ka zuba kuɗi da yawa sai su tsorata su ajiye katinsu. Da burga yake cin su, ko da ba shi da komai a hannu. Wannan ya kumbura masa kai, har ya daina sauraren kowa.

Da aka buɗe babbar gasa a wani jirgin caca da ke kan kogin Mandovi, sai ya sayar da babur ɗin da yake haya da shi, ya biya kuɗin shiga, bai gaya wa matarsa Sulbha ba.

Teburinsa ya cika da 'yan yawon hutu, masu shiga kowane zagaye da kowane irin kati. Gaba da kowa shi ne Bhalla, wani dattijo mai sayar da kayan tarakta a Ludhiana. Mangesh ya yi masa burga, Bhalla ya ce, "Na bi," ya zuba daidai abin da Mangesh ya zuba, aka buɗe kati, ya cinye. Mangesh ya sake burga, Bhalla ya sake cinyewa. Kafin hutun rana kwabban robar da ake wasa da su a madadin kuɗi sun zabge a gaban Mangesh.

Abokinsa Cajetan, tsohon mai raba kati, ya ja shi gefe.

"Kai, ka haukace ne? Wannan tsohon nishaɗi ya zo yi, ba ya ajiye kati. Bar burgar nan. Ka jira kati mai kyau, shi da kansa zai cika maka gaba."

"Ni zan zauna jiran kati kamar sabon shiga? Ai bai ma iya wasan ba!"

"To, wanda bai iya ɗin ba shi ke cin ka."

Mangesh ya fizge hannunsa ya koma. Kuɗin dole da ake zubawa kowane zagaye sai ƙaruwa yake yi. Gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin ɗakin. Ya ce a ransa, sau ɗaya kawai tsohon nan ya tsorata, komai zai dawo. Aka raba masa katin banza. Duk da haka ya tura duk abin da ya rage masa.

Bhalla ya leƙa katinsa yana taunar soyayyen kashu. "Wallahi ɗana, nawa ba kyau. Amma in ban ga naka ba, abinci ba zai shiga cikina ba. Na bi!"

Ya buɗe ƙananan katuna biyu kacal, masu lamba uku-uku. Su suka kori Mangesh daga gasar.

"Kawu, ta yaya za ka bi da wannan?" in ji Mangesh.

Bhalla ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka damu, wasa ne. Zo in saya maka shayi."

Mangesh ya shiga kwalekwalen da ke mayar da mutane gaɓa. Wayarsa ta yi ƙara, Sulbha ce. Ya ɗauka.

"In za ka dawo ka biyo ta kasuwa da kifi," in ji ta. Ya laluba aljihunsa, babu ko kuɗin kifin.

Darasin da ke nan shi ne, dabarar da ta yi maka aiki jiya ba lallai ta yi yau ba. Ka dubi wanda ke gabanka, ka sauya salo, ka saurari mai gaya maka gaskiya. Kuma kada girman kai ya sa ka ɗora abincin iyalinka a kan teburin caca.