Kyaftin Dabo da Ƙwayar Sahur

Akwai wani mutum a garin Greensboro na Amurka mai suna Dabo, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon Hausawa da ke buga wasa duk ranar Lahadi. Shekaru sun ja, gwiwa ta fara ƙorafi, ga wani saurayi ɗan Nijar, Moutari, mai gudu kamar iska. Amma a ce Dabo ya sauka ya ba shi wuri? Ko a mafarki.

Sai ya kama shan ibuprofen, ƙwayar kashe zafin ciwo. Kafin wasa ya haɗiya, bayan wasa ya ƙara. Zafin gwiwa ya lafa, amma barci ya fara gagararsa, ciki kullum sai ƙuna, gajiyar Lahadi kuwa har Laraba tana jikinsa.

Matarsa Rumasa'u ta ce, "Baban Afnan, bari in yi maka appointment ka ga likita. Maganin nan toshe bakin ciwo yake, ba ya warkarwa."

Ya ce, "Ke dai ki bar ni. In na zauna sati ɗaya, Moutari ne kyaftin."

Azumi ya faɗo cikin zafi, kuma ga babban wasa da 'yan wani gari. Dabo ya yi dabara irin ta mai taurin kai: tunda ba halin sha da rana, sai ya ninka ƙwayar da sahur. Bayan la'asar ya shiga fili, ba ɗigon ruwa a jikinsa. Ya buga har ƙarshe, ana ta tafa masa.

Ba a yi kwanaki ba ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ragu. A asibiti likita ta ce ƙwayar da rashin ruwa sun taɓa ƙodarsa, kuma ba za ta koma daidai ba. Ƙwallo ta ƙare. Azumi ma ta hana shi.

Da watan azumi ya sake zagayowa, Dabo kan faka motarsa da tsakar rana a bayan wani shago a titin Gate City Boulevard, ya sunkuyar da kai ya sha ruwa, don kada wani Bahaushe ya gan shi. Baƙin ciki ya ishe shi. Ya ce wa Rumasa'u, "Tunda nake, ruwa bai taɓa yi mini ɗaci haka ba."

Darasi: Ciwo gargaɗi ne, kada ka rufe masa baki don girman kai. Huta, ka ga likita kafin ƙwaya ta zame maka abinci. Ku tura wa 'yan'uwa masu motsa jiki, ko wani zai tsira.