Ranar da Kwaɗin Fadama Suka Yi Shiru

Akwai wani malamin gona da ake yi wa laƙabi da Na-gane, domin kafin ka rufe baki ya riga ya ce, "Na gane!" Ilimi kam yana da shi, amma wallahi gaggawarsa ta fi iliminsa yawa.

Yayarsa tana zaune a bakin wata fadama. Mijinta ya rasu, da 'yar gonar shinkafa da kifin da take kyafawa take ciyar da marayunta. Wata rana ta zo ofishinsa da wani ɗan ƙwaro kore a kwalba, mai tsalle a ganye, ko girman ƙwayar shinkafa bai kai ba.

Ta ce, "Ga abin da ya cika ciyawar ruwa. Zai ɓata min shinkafa?"

Ƙwarin nan iri biyu ne masu kama da juna. Mai baƙin ɗigo a fiffike shi ke sa wa shinkafa cuta, ɗayan kuwa ciyawar fadama kaɗai yake tsotsa. Sai da gilashin ƙara girma ake rarrabe su, gilashin kuma yana nan cikin aljihun teburinsa.

"Ba za ka duba da gilashin naka ba?"

"Haba Yaya! Yau na fara aikin nan? Na gane shi, mugun ne."

Ya sa aka yi feshi, gona da ciyawa har bakin ruwa. Da gari ya waye, kifaye suka taso ciki sama, fari fat. Da almuru ta yi, kwaɗin da ke hana mutane hira ko ɗaya bai yi kuka ba. Shirun nan ne ya tsorata shi. Ya koma ofis, ya ɗora gilashin a kan ƙwaron. Fiffike kore shar, babu ɗigo.

Yayar ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Tana ɗaure kayanta za ta bar garin ta ce, "Na san ba da gangan ka yi ba. Amma me zan ba yaran?"

Har yau kwalbar tana kan teburinsa. Duk almuru yakan je bakin fadamar ya tsaya yana kasa kunne, ko zai ji kwaɗo ɗaya.

Darasi: duk saninka, ka duba kafin ka yanke hukunci, musamman idan abincin wani ya rataya a kan maganarka. Buɗe aljihun tebur ba wuya, amma mayar da rai cikin ruwa ba a hannunka yake ba.